Ashirin da Bakwai Cikin Ɗari

Ta ce kada in kashe ta, ban kashe ba.
Na haɗa shayi, na zauna bakin gado
ina kallon 'yan ɗigo suna zagaye
kamar tururuwa a bakin kwanon zuma.
Ashirin da bakwai cikin ɗari.
Ashirin da bakwai.
Sai ɗif.

Ƙarfe ɗayan dare a Middlesbrough.
Hita tana tari, yayyafi na ƙwanƙwasa taga,
takalman aikina ba su bushe ba.
Fankar cikinta tana numfashi har yanzu,
'yar fitilar gefe tana ƙifta ido,
amma fuskar, gindin tukunya ya fi ta haske.

Na danne maɓalli na ƙirga talatin,
yadda nake ƙirga bugun jinin tsofaffi a wurin aiki.
Na zare caja, na zare linzami,
na zare duk wani abu mai wutsiya.
Na kunna. Tambari ya leƙo ya yi sallama,
bai jira a amsa ba ya juya.

Na jona ta da talabijin, ko gilashin ne ya gaji.
Talabijin ma ya ɗauki makoki.

Na kira Jatau a Houston, can ana magariba,
yana tuƙi, yana taunar wani abu.
Ya ce, "Lantana, kashe ta sau uku tana tsakiyar tashi,
a na huɗu za ta tsorata ta buɗe ƙofar baya.
Kin dai ajiye kayanki a wani wuri?"
Na ce layi ba kyau.
Layi lafiyarsa ƙalau.

Babi huɗu ne a ciki, ranar Juma'a ake karɓa.
Wannan ko da kuka zan sake rubutawa.
Amma akwai minti arba'in da ɗaya na muryar Inna,
ranar da na tsare ta a tsakar gida a Malumfashi
ta lissafo min kakanninmu, wa ya haifi wa.
Wayar da na ɗauka da ita ta faɗa bahon wanki.
Nan kaɗai ta rage.
Shekara biyu ina cewa gobe zan kwafa.

Na sunkuya kan baƙin gilashi,
sai ga wata mata tana harara ta,
goshi a tattare, leɓe a cije.
Na san wannan goshin.
Ban san yaushe ya dawo fuskata ba.

Kashe. Kunna. Kashe.
Kunna. Kashe, da bismilla.
A na huɗu shuɗi ya bayyana,
ban taɓa son wani launi haka ba.
Na bi ƙofa cikin ƙofa har ɗakin da Jatau ya kwatanta,
inda komai ya kumbura, haruffa kamar na ɗan aji ɗaya,
ba ado, ba hoton teku a bango.

Ban taɓa sabuntawar ba tukuna.
Na soka filashi, hannu na rawa,
na ja Inna na kai ta tudun mun tsira,
sannan babi huɗu suka biyo baya.
Sai na nemo baƙon daren jiya,
direban hoto, mai dogon suna duk lambobi,
na ce masa Allah raka taki gona.

Uku da kwata ta farka garau,
kamar ba ita ba.
Shayi ya yi fata. Na sa abin kunne.

Kaji. Turmin maƙwabta. Gyaran murya.
"Ke, wannan abin naki yana ɗauka kuwa?
Na ga ya yi baƙi."
Sai ni, ta shekara biyu baya, ina dariya:
"Yi maganarki, Inna.
Ko ya yi duhu yana ji."